Agogon da Ba Ya Nuna Daƙiƙa: Tarihin Abin da Ke Ɓoye a Cikin Minti

A tsakiyar watan Janairun 2018, agogunan da ke jikin murhun lantarki da na'urar ɗumama abinci da rediyon gefen gado a ƙasashe 25 na Turai suka fara ja da baya gaba ɗayansu, daga Sifaniya zuwa Turkiyya, daga Poland zuwa Holan. Idan aka raba asarar daidai a kan kwanakin, ba ta wuce daƙiƙa bakwai a yini ba. Da yake irin waɗannan agogunan awa da minti kaɗai suke nunawa, abin ya daɗe bai fito fili ba. Sai a farkon watan Maris, bayan giɓin ya kusa cika minti shida, ƙungiyar kamfanonin da ke kula da manyan layukan wutar Turai, ENTSO-E, ta fito ta yi bayani. Babu agogon da ya lalace. Taƙaddama ce tsakanin Sabiya da Kosovo ta rage wa wutar nahiyar gudu, agogunan kuma suka bi ta.

Wannan lamari ya tono tambayoyi biyu da masu auna lokaci suka shafe ƙarnuka suna fama da su. Ta farko: me agogo yake ƙirgawa a cikinsa? Ta biyu: da wane agogon ake gwada shi, kuma a wane lokaci? Duk wanda yake son agogon lamba na ɗakinsa ko na ofishinsa ko na masallacin unguwarsu ya riƙa faɗin gaskiya, waɗannan tambayoyin ne a gabansa, kuma masu jiragen ruwa sun amsa su tun kafin a ƙirƙiro batir.

Yadda minti ya hau fuskar agogo

Raba abu gida sittin gado ne daga mutanen Babila. Masana taurari suka ɗauke shi, har ya kasance wajen shekara ta 1000 Al-Biruni yana raba awa gida sittin, kowane gida ya sake raba shi sittin. Larabawa suna kiran rabon farko daƙiƙa, rabo na biyu kuma saniya, wato ta biyu, tushe ɗaya da sunan nan Sani. Da kalmar daƙiƙa ta shigo Hausa sai ta sauka mataki ɗaya: yau galibi ita ake nufi da sakan, aka bar wa minti sunansa na aro.

Amma wannan rabon a takarda ya daɗe yana zaune. Agogunan ƙarfe na farko da aka kafa a hasumiyoyin Turai hannu ɗaya gare su, na awa, domin suna iya kuskuren rubu'in awa a yini. Sanya wa irin wannan agogon hannun minti yaudarar kai ce. A 1656 ne Christiaan Huygens, ɗan ƙasar Holan, ya haɗa agogo mai lilo, wanda ya sauko da kuskuren zuwa kimanin daƙiƙa 15 a yini. Daga nan dogon hannu ya samu wurin zama, hannun daƙiƙa ya biyo baya.

Dogon hannun nan yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Yana tafiya a hankali tsakanin layi da layi, mai kallo kuma yana iya gane cewa an ci rabin minti ko ana dab da cinye shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Agogon lamba ya kawar da wannan. Tun daga agogunan da ke kifa lambobi kamar shafin littafi, irin Cifra 3 da Gino Valle ya zana wa kamfanin Solari na Italiya a tsakiyar shekarun 1960, har zuwa masu jan haske da suka cika kasuwa a shekarun 1970, lambar tana tsayawa cik na tsawon daƙiƙa 60, sannan ta yi tsalle. Idan ta ce 7:14, mai yiwuwa yanzu mintin ya shiga, mai yiwuwa kuma saura daƙiƙa ɗaya ya fita. A duk minti guda, sau ɗaya tak irin wannan agogon yake bayyana ainihin inda yake: lokacin da lambar ta juya.

Ƙwallon da ke faɗowa da ƙarfe ɗaya

Waɗanda suka fara ɗaukar wannan ƙiftawar da muhimmanci su ne matuƙan jiragen ruwa, domin a wurinsu magana ce ta rai. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Matuƙin da ya san lokacin wurin da yake ta hanyar duban rana, ya kuma san lokacin tashar da ya baro ta hanyar agogonsa, zai iya lissafa nisan da ya yi gabas ko yamma. Sai dai kuskuren minti ɗaya a agogon yana zama kuskuren kusan kilomita 28 a kan ruwa, idan jirgin yana kusa da tsakiyar duniya. Tazarar nan ta isa ta kai jirgi kan duwatsu cikin dare.

Shi ya sa a 1833 aka kafa wata ƙwallo a kan rufin ɗakin nazarin taurari na Greenwich, inda jiragen da ke kogin Thames za su iya hango ta. Da ƙarfe 12:55 ake ɗaga ta zuwa rabin sanda, da 12:58 a kai ta ƙololuwa, da ƙarfe ɗaya daidai a sake ta. An zaɓi ƙarfe ɗaya ne saboda da tsakar rana masanan suna can suna auna rana. Matuƙi yana lura da lokacin da ƙwallon ta fara motsi, domin shi ne ƙarfe ɗaya. Har yau ana sakin ta.

Abin da matuƙin yake yi bayan faɗuwar ƙwallon shi ne babban darasi. Ba ya taɓa hannun agogonsa. Littafi yake buɗewa ya rubuta cewa yau agogon yana gaba da daƙiƙa kaza. Bayan wasu kwanaki ya sake dubawa ya rubuta. Daga bambancin biyun yake fitar da abin da agogon yake ƙarawa ko ragewa a kowace rana, kuma da wannan adadin zai riƙa gyara lissafinsa a tsawon tafiyar. A wurinsa agogo nagari shi ne wanda kuskurensa ba ya canzawa. Ko shahararren agogon nan na John Harrison, H4, da aka ce ya yi kuskuren daƙiƙa biyar kacal a tafiyar kwana 81 zuwa Jamaika a 1761 da 1762, an samu wannan adadin ne bayan an cire abin da aka riga aka san yana ragewa kullum.

A cikin birnin Landan kuwa, lokaci har sayar da shi aka yi. Daga 1836 iyalin Belville suka riƙa ɗaukar wani agogon aljihu zuwa Greenwich a gwada shi, sannan su zaga da shi shagunan masu gyaran agogo da suka biya kuɗi, kowa ya duba ya daidaita nasa. John Henry Belville ne ya fara, matarsa Maria ta gaje shi, 'yarsu Ruth ta ci gaba da sana'ar har 1940.

Ƙara shida a rediyo

Rediyo ya kai aikin ƙwallon Greenwich cikin kowane gida. Ranar 5 ga Fabrairun 1924, bisa shawarar Frank Dyson, babban masanin taurari na masarautar Ingila, BBC ta fara watsa 'yan gajerun ƙararraki shida a ƙarshen awa. Biyar na farko suna faɗowa a kan daƙiƙa ta 55 zuwa ta 59, aikinsu su shirya kunne da yatsa, kamar yadda ɗaga ƙwallo yake shirya ido. Farkon ta shida shi ne farkon sabuwar awa. Daga baya aka ƙara wa ta shidan tsawo domin a bambanta ta da sauran.

Ta rediyo ne sunan Greenwich ya zauna a kunnen Hausawa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma masu sauraron tashoshin waje sun saba da jin “agogon GMT” da “agogon Najeriya da Nijar”, wanda ke gaba da shi da awa ɗaya. Sai dai zamani ya kawo wani cikas. Sautin da ya zo kai tsaye ta gajeren zango kusan nan take yake isowa, amma wanda ya biyo ta intanet ko ta tauraron ɗan'adam yakan makara da daƙiƙoƙi, saboda sai an dunƙule shi an warware kafin ya fito. Wanda ya saita agogo da shi ya saita shi a makare.

Agogon da ke rawa da kiɗan kamfanin wuta

Sanin lokacin gwaji rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne abin da agogon yake ƙirgawa tsakanin gwaji da gwaji, kuma a nan ne labarin 2018 ya samo asali.

Wutar da ke shigowa gida ba miƙe take tafiya ba, kai-komo take yi: sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, sau 60 a Amurka. Wani injiniya ɗan jihar Massachusetts, Henry Warren, ya ga cewa za a iya yin agogo mai arha wanda ba ya buƙatar lilo, sai dai ya riƙa bin wannan kai-komon. Matsalarsa ita ce kamfanonin wuta na lokacin ba su damu da tsayar da adadin daidai ba, don haka agogunansa suka riƙa kuskure. Maimakon ya ci gaba da gyaran agogon, sai ya nufi tashar wutar. A 1916 ya kafa wa kamfanin Edison na Boston wani babban agogo mai hannu biyu a fuska ɗaya: ɗaya lilo ke tuƙa shi, ɗaya wutar tashar. Aikin ma'aikaci shi ne ya ƙara wa injuna gudu ko ya rage har hannayen su hau kan juna. Tsarin ya bazu, kuma da agogon lamba ya zo, da yawa daga cikin masu aiki da soket suka gaji dabarar: su ƙirga kai-komo 50, su ce daƙiƙa ɗaya ta wuce.

A tsarin 50, kai-komo 4,320,000 ne ke cika yini guda. A Turai kamfanin Swissgrid na ƙasar Siwizalan ne yake lura da jimillar. Idan lokacin wuta ya kauce wa lokacin gaskiya da fiye da daƙiƙa 20, sai a mayar da mizanin 49.99 ko 50.01 har giɓin ya cike. Wato irin wannan agogon yana iya kaucewa kaɗan da rana, amma a tsawon shekara ba ya tara kuskure, matuƙar masu wutar suna kan yarjejeniyarsu.

A 2018 yarjejeniyar ce ta tsage. Kosovo tana jan wuta fiye da wadda take samarwa, Sabiya kuma, wadda nauyin daidaita yankin yake wuyanta, ta ƙi cike giɓin, ga shi ba ta amince da 'yancin kan da Kosovo ta ayyana a 2008 ba. Idan buƙata ta fi abin da ake samarwa, injuna sukan yi nauyi su rage gudu, kuma da yake layukan nahiyar a haɗe suke, kowa ya ji a jikinsa. Matsakaicin kai-komon ya sauka zuwa 49.996. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Bayan an tsayar da zubar, kamfanonin suka riƙe mizanin a 50.01 na wasu makonni, zuwa farkon Afrilu agogunan suka kamo lokaci da kansu. Waɗanda suka yi gaggawar gyara nasu da hannu a watan Maris sai suka wayi gari agogonsu ya yi gaba da minti shida.

Wannan bayanin ya shafi duk mai amfani da janareta. Agogon da ke bin wuta ba ya sanin wa ke buga masa kiɗa. Idan injin gida yana gudu a 51 maimakon 50, agogon zai ƙara daƙiƙa 72 a kowace awa. Idan kuma agogon gwanjo ne da aka ƙera domin wutar Amurka mai 60, aka haɗa shi da taransifoma aka jona shi a wuta mai 50, zai riƙa asarar minti goma a kowace awa. Inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa, irin wannan agogon ba abin dogaro ba ne komai yawan saita shi.

Ɗan dutsen da ke rawar jiki

Ɗaya nau'in shi ne mai ɗauke da kiɗansa a cikinsa, wanda ake rubuta wa Quartz a fuska. Kwaz dutse ne mai ƙyalli kamar gilashi. A 1880 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matsa shi yana fitar da lantarki. Ba a jima ba aka tabbatar da akasin haka: idan aka ba shi lantarki yana motsi. A 1927 Warren Marrison da J. W. Horton suka haɗa agogon kwaz na farko a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Sai ranar 25 ga Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da na hannu, Astron, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin.

A cikin agogon batir na yau akwai ɗan yankin kwaz mai ƙafa biyu kamar matsefata, wanda ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. An zaɓi wannan adadin ne domin idan aka raba shi biyu sau 15 a jere, ɗaya ake samu cif, kuma rabawa biyu ita ce lissafi mafi sauƙi ga na'urar lantarki. Ke nan agogon da ba ya nuna daƙiƙa yana ƙirga ta, ɓoye ta kawai yake yi.

Kuskurensa daga wuri biyu yake zuwa. Na farko daga masana'anta: kwaz na gama-gari ana yarda ya kauce da kashi 20 cikin miliyan, wato daƙiƙa 1.7 a yini. Adadin kamar ba komai ba, amma da yayyafi kogi kan cika: kusan daƙiƙa 52 ke nan a wata, fiye da minti goma a shekara. Na biyu daga yanayi. An yanka dutsen ne ya yi daidai a zafin digiri 25, kuma ko zafi ya ƙaru ko sanyi ya ƙaru, gudu yake ragewa. A ɗakin da ya kai digiri 40, kamar yadda ake gani a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, ƙarin asarar takan kai kimanin daƙiƙa 20 a wata. Agogon hannu yana samun sauƙi domin jikin mai shi yana tsare masa zafi kusan iri ɗaya. Na bango da ke saman firji ko gefen tagar da rana ke duka ba shi da wannan gatan. Akwai agoguna masu ma'aunin zafi a ciki da ke gyara lissafin da kansu, waɗanda kuskurensu yake tsayawa wajen minti ɗaya a shekara, sai dai sun fi tsada.

Babban agogon da kowa ke komawa gare shi

Agogon da ake gwada sauran da shi ma ya canza. A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka haɗa agogon zarra mai aiki da sinadarin siziyam a Teddington ta Ingila. A 1967 ƙasashen duniya suka amince cewa daƙiƙa ita ce tsawon karkarwa 9,192,631,770 na hasken da ke da nasaba da wannan zarrar. Daga irin waɗannan agogunan ne lokaci yake gangarowa zuwa taurarin GPS da intanet da wayar hannu.

Akwai agogunan bango da ke saita kansu da wani rediyo na musamman, kamar tashar DCF77 da ke kusa da Frankfurt a Jamus. Zangonta kimanin kilomita 2,000 ne, alhali Kano tana da nisan fiye da kilomita 4,000 daga wurin. Wanda ya sayo irin wannan agogon daga Turai, agogon kwaz na gama-gari ne zai zame masa idan ya iso gida. Abin gwaji mafi kusa a yankin shi ne wayar da aka bari tana karɓar lokaci daga layin sadarwa, aka kuma buɗe inda take nuna daƙiƙa.

Abin da ya rage wa mai agogo

Aikin ya kasu kamar yadda matuƙan jirgi suka bar shi. Da farko a gane abin da agogon yake ƙirgawa. Idan batir kaɗai yake ci, kwaz ne. Idan na soket ne, kuma yana gudu ko jinkiri duk lokacin da aka koma janareta, wuta yake bi, kuma maganinsa a sauya shi.

Sai saitawa. A kai lambar ga minti mai zuwa, a jira wayar ta cika daƙiƙa 59, a danna maɓallin tabbatarwa daidai shigar sabon mintin. Agoguna da yawa suna mayar da ɓoyayyar daƙiƙarsu sifili a wannan dannawar. Ana ganewa ta hanyar kallon juyin lamba na gaba: idan ya zo tare da na waya, an dace. Idan bai zo ba, agogon yana cikin waɗanda ke fara ƙirga daga lokacin da suka samu wuta, don haka sai a cire batir a mayar da shi daidai kan shigar minti, sannan a gyara awa da minti.

Daga nan sai littafin matuƙi. A rubuta ranar da aka saita. Bayan kwana 30 a sake tsayawa a ga a kan daƙiƙa ta nawa lambar take juyawa. Idan ta juya a makare da daƙiƙa 45, agogon yana asarar ɗaya da rabi a yini. Ko da ido ya yi kuskuren rabin daƙiƙa, idan aka raba shi a kan kwana 30 ya zama ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan, ƙwarewar da a da sai ɗakin bincike. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Sanin wannan adadin yana rage wahala. Wanda ba ya son agogonsa ya kauce da fiye da daƙiƙa 20, idan ya saita shi daidai, bayan kwana 13 sai ya sake. Idan kuwa ya sa shi gaba da daƙiƙa 20 tun farko, zai yi kwana 26 yana cikin iyaka. Sai dai inda gefe ɗaya na kuskuren ya fi ɗayan nauyi, lissafin yakan canza. Agogon da ake buɗa-baki da shi gara ya ɗan makara da ya yi gaba, na mai kama jirgi kuma gara ya yi gaba da ya makara. 'Yar takarda da aka manna a bayan agogo, ɗauke da ranar saitawa da abin da yake ragewa kullum, ta isa ta gaya wa duk wanda ya sauko da shi ranar da ya kamata a sake taɓa shi, da kuma ɓangaren da za a karkata.